Autanmu da Baba Fita

Matan da ke kawo mini ɗinki, musamman waɗanda suka san gidanmu na Bolari, akwai tambayar da suke ajiyewa sai an gama awo an gama ciniki. Mace ta ɗauki jakarta kamar za ta tafi, sai ta dawo ta sassauta murya: "Wai don Allah wurin wane malami kuka kai Autanku?" Da na ji haka na san akwai wani yaro a gidansu, ko a gidan 'yar'uwarta, da ya hana kowa barci. In na ce ba malami ba ne, wani tsohon ma'aikacin reluwe ne mai gyaran keken ɗinki, Batangale kuma Kirista, sai ta yi murmushin yaƙe, ta ɗauka rowar magani nake yi mata. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya faru. Na nemi izinin Auta, ya ce in rubuta, amma ban da sunansa, ban da na tsohon.

Mu biyar Inna ta haifa, mata huɗu sai shi a ƙarshe. Mahaifinmu ya rasu yana aji biyar na firamare. Namiji tilo a cikin mata, ga maraici, kowa ya san irin riƙon da ake yi wa irinsa: ba a so ya yi kuka, ba a so a aike shi cikin rana. A 2017, yana da shekara 16, ya riga ya bar makaranta ya koma zaman majalisar 'yan kalare. Ga wanda ba ɗan Gombe ba, su ne waɗanda Kanawa ke kira 'yan daba, mutanen Bauchi kuma su ce sara-suka. Tun wajen zaɓen 2003 sunan ya cika garin nan. Lokacin kamfen a kwashe su a mota, a ba su na ƙwaya, su ɗaga gora da barandami a gaban taro. Da an gama zaɓe kowa ya kama gabansa, a bar su da makami da jaraba, sai su juyo kan unguwa. Auta bai kai ga sara ba, ɗan aike ne a cikinsu. Amma tiramol da maganin tari mai kodin sun riga sun kama shi, kuma duk abin da idonsa ya gani a gida na sayarwa ne. Wayar Inna ta tafi, dutsen guga ya tafi, har atamfar da wata ta kawo mini ɗinkin biki.

Abin da ake yi duk mun yi. Bappanmu ya ɗaure shi a tsakar gida ya yi masa dukan da ni kaina sai da na shige ɗaki na toshe kunne. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi sauka. An je belinsa har dangi suka gaji da amsa waya. Daga ƙarshe aka tsayar da shawarar gidan mari, aka fara karo-karon kuɗin.

Ana cikin haka ya sace kan kekena. Lokacin ina gida, aurena na fari ya mutu, kuma wannan Butterfly ɗin shi ne cina da na 'yata. Ranar da muka tafi suna ya kwance kan daga jikin teburi, ya sa a buhu, ya nufi wajen tashar jirgi, don an ce masa akwai wani tsoho can da ke sayen tsofaffin kekuna yana cire kayan gyara.

Tsohon shi ne Baba Fita. Aikin fita ya yi a reluwe, kwance ƙarfe da ɗaurawa a jikin kan jirgi, sai sunan ya bi shi har ritaya. Rumfarsa 'yar ƙarama ce a gindin darbejiya: benci ɗaya, teburi ɗaya da mai ya riga ya baƙanta, da akwatin ƙarfe da yake ajiye sukudireba da sifana da filaya, kowane da gurbinsa. Ya haura saba'in a lokacin.

Auta ya ce Baba bai ko dubi fuskarsa ba. Ya karɓi kan keken ya kifa a cinya, ya bi ƙarƙashinsa da yatsa. Ashe duk keken da ya taɓa gyarawa yakan yi masa 'yar alama da magagari a ciki, ɗabi'ar da ya taho da ita daga wurin aiki. Ya gane keken, ya gane gidan da ya fito, domin shi ya gyara wa Inna shi tun kafin ta ba ni. Da ya buɗe baki ya ce ɓarawo a wannan wurin, ga 'yan acaɓa ga masu shayi, Allah kaɗai ya san ko da yanzu muna da ƙane.

Sai ya ce, "Keken nan yana tsallaken zare, ba zan saya a haka ba. Zauna. Ka ga ɗan sukurun da ke riƙe allura? Idona ba ya kama shi da yamma. Kwance mini."

Auta ya zauna, shi a nufinsa a gama a ba shi kuɗinsa. Suka cire ƙoshiya da kwarkwaro, suka wanke da kananzir, Baba yana faɗa shi yana yi. Da aka mayar da komai, Baba ya sa ƙyalle ya juya da hannu, ɗinki ya fito sumul. Sai ya mayar da kan cikin buhu ya ɗaure bakin da kansa ya ce, "To, mayar wa Addarka. Ka ce Baba Fita yana gai da Inna. Kuɗin gyara ɗari uku."

Auta ya ce da marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Washegari na ɗauki ɗari uku na je. Baba ya ƙi karɓa. "Ɗiyata, ba ke nake bi ba. Wanda ya kawo aiki shi ke biya. In ba shi da kuɗi ya zo ya biya da idonsa." Na dawo na faɗa wa Auta ina dariyar takaici, don na san ba zai je ba. Sai ga shi ya je. Har yau in na tambaye shi dalili cewa yake yi kunya ce, bai so tsohon ya riƙa ganinsa a hanya yana tunawa.

Abin da ba mu sani ba a lokacin, kuma teloli ma ba su sani ba, shi ne idon Baba ya kusa tafiya gaba ɗaya. Hawan jinin ido ne, irin wanda ba ya dawowa. Da yatsa da kunne yake aiki, kuma ya ƙware har ba ka ganewa, amma zura zare a allura, ko neman sukurun da ya faɗi a ƙasa, ko karanta lambar allura, duk sun gagare shi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Jos da Abuja suna matsa masa ya rufe rumfa ya koma gida Kaltungo ya huta. Shi kuma hutun nan ne ba ya so. Ya san ranar da teloli suka ji cewa ba ya gani, ranar aiki ya ƙare. Auta ya gano haka cikin 'yan kwanaki, bai faɗa wa kowa ba, har mu. Baba kuma bai taɓa faɗa wa kowa yadda kan kekena ya je rumfarsa ba. Kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma ni a ganina nan abotar ta tsaya da ƙafarta.

Na daɗe ina tunanin abin da tsohon nan ya yi da mu ba mu yi ba, kuma ba zan ɓoye ba, da farko har haushi nake ji. Mu muka haife shi muka raine shi, mu muka sha wahalarsa, sai wani bare ya zo maganarsa ta fi tamu shiga? Amma a gidanmu duk wanda ya kira sunan Auta, so yake ya daina wani abu. Daina sata, daina shaye-shaye, daina bin yaran nan. Ba wanda yake buƙatarsa da komai, ko cefane ba a ba shi don kar kuɗin ya salwanta. Baba kuwa da gaske yake buƙatarsa. In Auta bai zo ba aikin ranar ya tsaya, kuma Auta ya san haka.

Wa'azi kuwa bai taɓa yi masa ba. Doka ɗaya ce a rumfar: hannun da ke rawa ba ya taɓa keken mutane. In Auta ya zo a buge, Baba yana jin muryarsa zai gane, sai ya nuna masa tabarma a bayan rumfa ya ce ya kwanta. Ba faɗa, ba zagi, amma ranar ba aiki ba ko sisi. Ranar da ya zo garau, kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka samu nasa ne, a ƙirga a gabansa.

Aikin kansa yana da abin da ke kama hankali, wannan ni tela ce na sani. Allura tana sauka ta fara tasowa kaɗan, a daidai wannan lokacin bakin ƙoshiya ya kamata ya iso ya ɗauki zaren. In ya makara ko ya yi gaggawa da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, keke ya riƙa tsallake ke nan, ko ya tsinka zare. Mutum ba zai daidaita wannan da kai a sama ba. Auta, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya a gida, sai ya shafe yini a kan keke guda. (Tunda zancen ya zo: mata, don Allah ku daina zuba wa keke man gyaɗa. Yana daskarewa ya kama ƙura ya liƙe komai. Auta ya ce rabin kekunan gida da ake kawo masa ciwonsu ke nan. Farin man keke ba shi da tsada.)

Sai kuma hira. Baba yana da labarin layin dogo kamar ya haddace shi a allo. Yadda layin ya taso daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Yadda yana saurayi ya zo garin nan ya ga kan jirgi karo na farko, ya rantse sai ya san abin da ke cikinsa. Yadda ake loda auduga da aka gurza a kamfanin auduga na BCGA, da buhunan gyaɗa, wagunu cike har ka gaji da ƙirga. Yadda suka fara da jirgin gawayi kafin na dizal ya zo. Auta da ko sunan gwamnonin jiharsa bai damu da sani ba, sai ga shi yana dawowa gida yana jera mana tashoshi, Bajoga, Buni Yadi, yana mana gardamar cewa jirgi ne ya gina Gombe. Baba yana kiransa "abokina", wani lokaci "maigida" don tsokana, irin wasan kaka da jika. Shi kuma ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe.

Maganar addini ba ta daɗe ba ta taso. Bappa ya zo ya sami Inna ya ce ya ji yaron nan yana wuni wurin wani Kirista, in ba a yi hankali ba wata rana a majami'a za a same shi. Inna ba mai yawan magana ba ce a gaban ƙanen mijinta, amma ranar ta ce, "Malam, lokacin da yake wuni wurin 'yan kalare ai duk Musulmi ne, wanne ya taɓa tashinsa salla? Ɗa na kowa ne." Gaskiyarta kuwa. Da an kira azahar Baba yake rufe akwatin kayan aiki ya ce, "An kira ku, tashi ka je, keke ba zai gudu ba." Ran Juma'a tun sha biyu yake sallamarsa ya je ya yi wanka. Shi ma ran Lahadi rumfa a rufe take, yana majami'a da Littafinsa na Hausa da ya daina iya karantawa amma bai daina riƙewa ba. Da Kirsimeti ya aiko mana da shinkafa da naman da ya sa mahauci Musulmi ya yanka, da Salla Inna ta aika masa da nasa. Bappa bai sake magana ba, amma bai taɓa zuwa ya gai da shi ba, har yau.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta fitar. A unguwa abin da muka gani shi ne kwalba ta yi tsada, yara suka ƙara raja'a a kan tiramol. Wannan ya zo daidai da azumi, lokacin da teloli ba sa barci, keke kuma ya fi lalacewa. Su biyu sukan fita bayan an sha ruwa su bi shaguna, Auta da akwati a kafaɗa, Baba riƙe da gwiwar hannunsa kamar mai jin ciwon ƙafa. Tela ya taka keke, Baba ya saurara ya faɗi ciwon, Auta ya sa hannu. Kuɗi ya shigo, sai dai Auta yana ƙara ƙwaya a ɓoye don ya jure rashin barci. Wani dare ya yanke jiki ya faɗi a shagon wani tela, yana fizge-fizge, kumfa a baki.

Da aka kawo shi gida maƙwabta suka ce aljanu ne, aka fara neman habbatussauda. Baba da ya biyo su a acaɓa ya tsaya a zaure, bai shigo ba, ya ce a kira masa Inna. "Hajiya, a yi addu'a, ban hana ba. Amma a yi ta a hanyar asibiti." Aka tafi. Likita ya ce tiramol in ya yi yawa a jiki yana jawo irin wannan faɗuwa, kuma wanda ya saba da shi ba a yanke masa rana ɗaya, sai a hankali a ƙarƙashin kulawa. Kuɗin da aka tara na gidan mari a nan ya tafi. Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su: gumi, amai, ciwon gaɓoɓi, zagin kowa. Baba yakan zo ya zauna a zaure da wani tsohon kan keke a cinya, ya ce a gaya wa maigida aiki yana jiransa. Da labarin gidan marin Rigasa ta Kaduna ya fito a watan Satumban 2019, aka ji yadda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane wasu da mari a ƙafa, Inna tana jin rediyo ta tashi ta shige ɗaki ba ta ce komai ba.

Da a nan labarin ya ƙare da ya yi daɗin faɗa. Sai zaɓen 2019 ya zo. Tsofaffin abokansa suka dawo da sababbin riguna da kuɗi a aljihu, abin da yake samu a mako su samu a yini. Tsakanin zaɓen shugaban ƙasa na 23 ga Fabrairu da na gwamna na 9 ga Maris, Auta ya ɓace, ba gida ba rumfa. Ya dawo da sara a dantse da ido jajir.

A kwanakin da ba ya nan Baba ya yi ƙoƙarin yin aikin shi kaɗai. Ya sa wa wani tela allura a juye, ya ɓatar da sukurun wani, har wani ya tsaya a gabansa yana miƙa masa kuɗi shi yana miƙa hannu wani gefen. Magana ta zaga kasuwa cewa Baba Fita ya makance. Aiki ya ɗauke ɗif.

Auta ya je rumfa bayan an ɗinke masa hannu, yana jiran tabarmar bayan rumfa kamar kullum. Baba bai nuna masa ita ba. Ya ce, "Na rufa maka, ka tona mini." Daga nan bai ƙara ko kalma ba, ranar da kwanakin da suka biyo. Auta yakan je ya zauna a ƙarshen benci tun safe, ba mai ce wa wani uffan, ba kuma mai kawo aiki. Dukan Bappa bai taɓa sa shi kuka ba, amma a kwanakin nan na ji shi cikin dare.

Shi da kansa ya ɗauki akwatin ya shiga bin teloli shago-shago. Wasu suka kore shi, sun san shi da kalare, wa zai ba shi kan keke ya tafi da shi? Sai ya ce a bar shi ya gyara a nan gabansu, in bai yi ba kar a biya. Kuɗin da ya samu ya kai rumfa ya zube a teburi. Baba ya lalube su ya ƙirga, ya ware kashi ɗaya cikin uku ya tura masa, sannan ya tambaye shi keken wa ya gyara, me ya same shi, ya kuma yi masa faɗa a kan ya ɗaure bel da yawa. Haka maganarsu ta dawo.

Ba zan ce Auta ya zama waliyyi ba. Yana shan taba, yana da zuciya, kuma in tsofaffin abokansa suka zo neman na shayi ba ya iya hana su, abin da ke tayar mini da hankali ke nan. Daga cikin waɗanda suka yi zaman majalisa tare, akwai wanda ya rasu, akwai wanda ke gidan yari. Amma ya daina ƙwaya, yana da rumfarsa a kasuwa da yara biyu a ƙarƙashinsa, kuma shi ke yi wa Inna cefane.

Baba kuwa 'yarsa ta ci nasara daga ƙarshe, ta mayar da shi Kaltungo. Akwatin ƙarfen ya bar wa Auta, amma ya ce aro ne. Auta yakan shiga motar hanyar Yola, ya wuce Kumo da Billiri, ya kai masa goro da sabulu su wuni suna gardama. Yanzu gardamar tasu a kan manyan kekunan lantarki ce, irin su Juki da suka cika shagunan teloli, waɗanda Baba bai taɓa kwancewa ba, Auta kuma a YouTube ya koyi cikinsu. Baba ya ce keken da ke zaune a cikin mai yana shayar da kansa na ragwaye ne. Duk da haka in wani ya gagari Auta sai ya kira shi, ya kara wayar a jikin keken ya taka, tsohon ya saurara daga can ya ce a duba kaza. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, in ya kuskure kuma ya ce laifin waya ne.

Rabon ma ya juye. Yanzu Auta ne ke ware wani abu duk ƙarshen wata ya tura masa, wai ladan kunne. Makon jiya 'yar Baba ta kira ni muka gaisa, sai na ji muryarsa daga gefe yana cewa ta gaya mini in gaya wa maigida cewa lissafin watan jiya bai cika ba, keke huɗu ya saurara amma kuɗin uku aka biya shi.